Faifan Baba a Hannun Sahabi

Mutumin farko da ya cuce mu a Ingila ba Bature ba ne. Ɗan ƙasarmu ne, har da hularsa. A filin jirgi ya ji ni da Sahabi muna Hausa, ya taho da fara'a ya ce shi ne mai tarbar ɗalibai. Ya ɗauki jakata da hannunsa, ya sa mu a mota, ya kai mu wani gida mai hawa, ya buɗe mana ɗaki mai gado biyu. Ya karɓi abin da ya karɓa da sunan haya, ya ce gobe zai dawo ya raka mu kwaleji. Har yau bai dawo ba. Da la'asar mai gidan ta dawo daga aiki, wata dattijuwar Baturiya, ta tarar da baƙaƙen samari biyu suna salla a ɗakin ɗanta. Ashe mutumin tsohon ɗan hayarta ne da ya tafi da makulli.

Ba ta kira 'yan sanda ba, Allah ya saka mata. Ta dafa mana shayi, ta ce mu kwana, gobe za ta nuna mana unguwar da ake samun ɗaki. Ni na zauna a kan matakala na haɗa kai da gwiwa, ko shayin na kasa sha. Sahabi kuwa, kafin a jima ya shige kicin yana taya ta wanke kofuna, tana ta ƙyalƙyala dariya. Da wane Turancin? Ni na fi shi Turanci nesa ba kusa ba. Amma da safe shi ta ba tsohuwar kwat ɗin ɗanta, ni ta miƙo mini safar hannu.

Sahabi taubashina ne, ɗan Gwaggo, ƙanwar Baba da aka aurar a Bukkuyum. Ni ɗan Gummi ne, sunana Ummaru. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, ya ƙwace hulata in ƙwace takalminsa, manya su yi dariya, don wasan taubasai ya ba da wannan. A farkon shekarun tamanin aka zaɓe mu tare zuwa kwas ɗin gyaran rediyo da lantarki. Ni da gumi na ci jarrabawar zaɓen. Shi da kyar ya tsallake, amma da labari ya iso gida, shi aka fi yi wa guɗa.

Baba makaɗin noma ne. Duk inda aka yi gayya daga Gummi har ƙauyukan Anka, in ba a ji gangarsa ba, samari ba sa jin sun yi noma. Babu manomin kirki a ƙasarmu da bai shiga bakinsa ba. Ya wasa mai garma, ya wasa mai shanu, ya wasa matan da ke kai fura gona, har jakin wani ya taɓa sakawa a waƙa. Ni kaɗai ne ban shiga ba, don ni ne ɗan fari, kuma a wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya yaba masa a gaban mutane. In zai aike ni sai ya ce, "A ce ma wancan." Sahabi kuwa ɗan ƙanwa ne, babu kunya tsakaninsu. Ya zo hutu ya zauna kan buzun Baba, ya sa hannu a akushinsa, Baba ya dafa kansa ya ce, "Sahabi na Kawu." Na san al'ada ce, kowa ya sani. Sanin bai taɓa hana ƙirjina zafi ba.

Akwai wani tsohon garmaho a ɗakin Baba, irin wanda ake wanawa da hannu, da wani babban manomi ya ba shi tukuici. Wani lokaci ya ɗora faifan makaɗan sarakuna, waɗanda kamfanoni suka kwasa zuwa birni suka ɗauki muryarsu. Sai ya saurara shiru, ya yi tsaki, ya rufe akwatin. Wata rana na ji ya ce wa Inna, "Su an aje su. Mu namu kiɗi gona shika ƙarewa." Kaset kuwa, Baba bai ɗauke shi a bakin komai ba, ya ce wannan ko kukan jariri ana ɗauka da shi. Faifai shi ne shaidar an san da kai. Duk da haka, kafin mu taso na ari rikoda na bi shi wata gayya a fadama, na laɓe bayan masu amshi na ɗauki waƙarsa. Da wannan kaset na shiga Ingila, cikin aljihun rigata na ciki. Niyyata kuwa guda ce, ban faɗa wa kowa ba: in mayar da shi faifai, in sa shi a hannun Baba da hannuna, in ga ko zai iya yin shiru da sunana a wannan karon.

Ɗakin da muka samu yana saman shagon wani mai sayar da kifi. Komai namu ƙarni yake, har littattafai. Sanyi kuwa ba a magana, bango na tsatsar ruwa, hita ba ta kamawa sai an jefa mata kwabo. In na dawo daga kwaleji sai in shiga bargo da takalmi, in kunna kaset a hankali, in ji gangar Baba da ihun samari da wata mata can nesa tana kiran ɗanta. Wannan kiran ya fi waƙar sa ni hawaye. Sahabi ya shigo yana fito, ya yaye bargon.

"Kai bawana, mi kaka yi nan kamar mai jego? Tashi mu tai, mai kihi ya ba ni kawuna, mu yi romo."

Ni mai kifin ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau.

Shekara ta farko ba ta ƙare ba alawus ɗinmu ya fara latti, daga latti ya ɗauke. Muka yi ta zarya ofishin masu kula da ɗalibai, ana cewa mu dawo. Muka ci burodi da ruwan zafi har na fara ganin jiri a aji. Sahabi ne ya samo mana aiki, ta hannun wani direban bas da suka saba. Aikin yamma ne da na Asabar, a wajen gari. Da muka sauka daga bas na karanta allon ƙofar. Kamfanin buga faifai ne. Na ce a raina, Allah, ashe yunwar nan hanya ce.

Ban taɓa tunanin yadda ake yin faifai ba sai ranar. Ana ɗauko curin baƙar roba mai zafi, kamar malmalar tuwo, a ɗora tsakanin faranti biyu na ƙarfe, inji ya danne, tururi ya tashi, a buɗe sai ga faifai da waƙarsa a jiki. Ni aka sa ni wurin zubawa a riga. In ɗaga faifai gaban fitila in duba ko ya karce, in zura shi a rigarsa ta takarda, in jera a kwali. A tsaye, wuri guda, har ƙafa ta kumbura. Sahabi aka ba shi kura yana tura kwalaye daga sashe zuwa sashe. Kafin wata ya cika babu wanda bai san shi ba, daga mai gadi har matan ofis. Suna kiransa da wani guntun suna da suka yanke masa, yana amsawa. Ni ko bayan shekara, mai kula da layinmu sai ya duba ƙirjin rigata kafin ya kira ni.

Lokacin kamfanin ya rikice da wani aiki. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa 'yan jita da suka yi tashe shekara ashirin baya, sun daɗe da watsewa, an ce ma ba sa ga maciji da juna. To wai ƙananan faya-fayensu sun cika shekara ashirin da fitowa, shi ne ake sake bugawa ɗaya bayan ɗaya, kowane da irin rigarsa ta farko, wasu har da hotonsu a jikin robar. Waƙoƙin ba su canza ba, ko kalma ɗaya ba a ƙara ba. Amma manyan mutane masu furfura suna layi a kantuna suna saye. Wata Ba'indiya da ke tsaye kusa da ni, wadda kan ɓallo mini rabin gurasarta in ta ga ban zo da komai ba, ta ce mijinta ya sayi biyu, ɗaya na saurare, ɗaya na ajiya, ba za a taɓa buɗe shi ba.

Duk lokacin aiki ina kallon fuskokin samarin nan masu gashi har ido. Na tsane su, ba su yi mini komai ba. An buga su sau ɗaya bai isa ba, sai an sake. An taɓa dawo da kwali guda don launin takardar tsakiya ya ɗan fi na da haske, manya suka taru a kai suna ta muhawara kamar an yi rashi. Ina tsaye ina kallo, ina tuna mutumin da ya shekara arba'in yana fasa maƙogwaro cikin rana, waƙa ɗari nawa ya yi babu wanda ya sani, duk sun bi iska. Na saurari waƙoƙin samarin, ba na ƙarya, akwai mai daɗi. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

Can ƙarshen ginin akwai ɗakin da ake fara yanka waƙa a kan faifai mai taushi kafin a yi mata farantin ƙarfe. Mai ɗakin wani tsoho ne marar magana, kullum da lofe a baki ko babu wuta. Sahabi ya raɗa masa Mai Lofe. Ni na daɗe da gane cewa buƙatata tana hannun wannan tsoho. Sai dai mutum ba ya faɗa wa babba da roƙo haka kawai. Na fara da gaisuwa. In na zo in rusuna masa, in zan tafi in rusuna masa. Ya ɗaga lofe, ya wuce.

Wata Asabar lokacin shan shayi, ina zaune sai na ji gangar Baba ta cika ɗakin cin abinci. Na zabura. Sahabi ne ya zare kaset ɗin daga ƙarƙashin matashina, ya zo da shi ya sa a rikodar masu shara, ya ɗauki tsintsiya yana nuna musu yadda ake noma da kiɗi. Ana ta tafi. Na tashi zan ƙwace, sai na ga Mai Lofe tsaye a bakin ƙofa da kofinsa, ya karkatar da kai yana saurare. Ya saurara har waƙar ta ƙare. Ya tambayi wane ne wannan. Sahabi ya nuna ni da tsintsiya ya ce uban wancan ne.

Tsohon ya tako har inda nake. Ya ce murya ce mai ƙarfi, bai taɓa jin irinta ba. Ya tambaye ni ko tana kan faifai. Na ce a'a. Ya ce, "Kana so in yanka maka guda? Ina da ragowar faranti da ba a buƙata."

Abin da na tsallako teku dominsa ke nan, an miƙo mini a kan tebur ɗin shayi. Sai bakina ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro. Na sunkuyar da kai na ce, "A'a, ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka."

A Gummi in an yi maka tayi, ka ce a'a. A sake, ka ce ka ƙoshi. A rantse maka, sannan ka miƙa hannu. Wanda ya cafke tun tayin farko, a ce ba a yi masa tarbiyya ba. Ina tsaye ina jiran tayi na biyu. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, yadda ka so." Ya shanye shayinsa ya koma ɗakinsa.

A bas Sahabi ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Wa kaka yi ma kara? Bature? Wanga ko ka mutu da yunwa gabanai, sau guda shika tayi."

Na ce ya rufe mini baki. Ya ce in bari ya je ya yi magana a madadina. Na ce ko kusa, kada ya sa baki a abin da ba nasa ba. Da wani ne da na yarda, don a gida ma ɗan aike ake turawa wurin babba. Amma ba Sahabi ba. Wannan abu guda ina son ya zama nawa daga farko har ƙarshe.

Sai na bi hanyar da na sani. Ina da wata jakar fata 'yar ƙarama, aikin dukawan garinmu, na naɗe ta a takarda na kai wa tsohon gaisuwa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce kyakkyawa ce, ko ranar haihuwarsa na ji? Na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ya yi godiya, ya zuba tabar lofensa a ciki. Na ƙara tsayawa kaɗan ko zai ce me ke tafe da ni. Ya dube ni, na dube shi. Na ce sai an jima. Na sake kai masa goro da na samo da kyar a wata kasuwar baƙaƙen fata, ya ɓantara ya yamutsa fuska, ya ce na gode. Makonni suna wucewa ina ta gaisuwa, kullum in shirya maganar a bas, in na isa ƙofarsa ta maƙale.

Wata ranar Juma'a na dawo ɗaki na ɗaga matashi, babu kaset. Na birkice ɗakin. Ina cikin haka Sahabi ya shigo da wani abu mai faɗi a ƙarƙashin kwat ɗinsa. Ya ajiye a kan gadona, ya zare shi daga farar takarda. Baƙin faifai ne mai sheƙi, ya fi na kanti nauyi, yana wani wari kamar na fenti. A tsakiya an rubuta sunan Baba da biro, da garin Gummi.

"Ga shi, bawana. Na yi ma abin da ka kasa."

Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce yadda ake yi mana. Ya tura kura ya shiga, ya ce wa tsohon tayin nan yana nan? Tsohon ya ce yana nan, shi ya ɗauka ɗan ba ya so ne. Shi ke nan. Har ya tambaye shi wane irin inji ne a gida, da ya ji garmaho ne mai wani da hannu, ya yi murna kamar yaro, ya yanka shi daidai gudun wannan inji. Ya yi kashedi cewa irin wannan faifai na gwaji ne, taushi gare shi, allurar ƙarfe cinye shi take yi. A feƙe ƙaya a sa maimakonta, kuma ko da ƙaya, kowane sauraro yana rage masa kwana. Sahabi ya ce ya gaya masa in dai ƙaya ce, mu ba mu da abin da ya fi ta yawa.

Na ɗauki faifan da hannu biyu. Abin da na fi so a duniya ke nan, kuma ji nake kamar in maka wa Sahabi shi a ka. Yana tsaye yana murmushi, yana jiran godiya. Na yi godiyar. Ta fito da kyar.

Na yi wa kaina alkawari ba komai, ai ni zan kai. Na naɗe shi cikin rawani na sa a ƙasan akwati, na kulle, makullin a wuyana. Saura mini jarrabawar ƙarshe, wata shida ko fiye. Sai abubuwa biyu suka zo a jere. Sahabi ya faɗi jarrabawarsa karo na biyu, aka ce ya tattara ya koma gida. Ko a jikinsa, ya ce dama ya gaji da dankali. Sannan a masallacin Juma'a muka haɗu da wani sabon ɗalibi ɗan Anka, muna gaisawa ya ce ai ya san Baba, ya gan shi a wata gayya kafin ya taso, sai dai bai kai ƙarshen waƙa ba tari ya sarƙe shi, aka zaunar da shi a gindin itace. Ya ce ya rame.

Sahabi bai ce in ba shi faifan ba. Da ya ce, da na sami abin faɗa. Ya yi ta haɗa kayansa yana fito, ni kuma ina zaune kan akwatina. In na riƙe, ni zan sa a hannun Baba, in Baban ya jira ni. In bai jira ba, ya tafi bai ji ba, kuma ni na hana shi. Na yi ta juya wannan har ranar tafiya ta zo. Da safe na cire makulli daga wuyana na buɗe akwati.

"Ka ce mai ni na aiko. Ka ce ni na ɗauki kaset ɗin tun gida. Ka ji ko?"

"Haba Ummaru, ni ɓarawo na? Zan gaya mai."

Na raka shi har filin jirgi ina ta maimaita masa kada ya ɗora kaya a kai, kada ya bar shi a rana. Da ya shige na dawo wurin aiki na ci gaba da zura samarin nan a rigunansu. An kai faifansu na biyar ko na shida lokacin. Mai Lofe ya wuce ni a baranda ya tambaya ko faifan ya yi. Na ce ya yi. Ya ce abokin nan nawa yaron kirki ne.

Watannin nan su ne mafi tsawo da na taɓa yi. Ɗakin ya yi shiru, mai kifi ya daina ba da kawuna. Na yi kewar Sahabi, abin haushi, ina kewarsa ina jin zafinsa lokaci guda. Na ci jarrabawata da sakamako mai kyau, babu wanda zan nuna wa sai Ba'indiyar nan. Ta rungume takardar, ta ba ni gurasa guda cur.

Na sauka Kano, na kwana Gusau, na shiga motar Gummi. A tashar Anka aka tsaya ɗaukar fasinja, na sauko in sha fura. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ƙamshin ƙasa ya sa na ji kamar in durƙusa in sumbace ta. Ina riƙe da ludayi sai na ji masu lodi suna ɗora buhuna suna rera wata waƙa da ban sani ba, amma salon na gidanmu ne, ko cikin barci zan gane shi.

"Sahabi na Bukkuyum, ɗan ƙanwata,
Kai kat tahi Turai kaɗ ɗauko ni,
Ga ni zaune, ga ni cikin faifai."

Na ajiye ƙwaryar. Mai furar ta ce ko ta yi tsami ne. Na ce a'a. Na tambayi wani mai lodi waƙar wa ce. Ya ce, "Kai baƙo na? Ta Makaɗan Gummi ta. Ɗan ƙanwatai ya sa shi cikin faifai can ƙasar Turawa. Mutane har daga nan sun tai saurare." Na ce shi makaɗin ba ya da ɗa ne? Ya ce an ce akwai wani, shi ma yana can waje.

Na koma mota muka kama hanyar Gummi. Na dai gode Allah da abu guda, mai yin sabuwar waƙa yana da rai.

Inna ta tare ni a tsakar gida, ita ma ba ta kiran sunana, amma ta riƙe hannun rigata ta ƙi saki. Na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakin Baba. Ya rame ƙwarai, wuyansa duk jijiya. Ya amsa gaisuwata yana kallon bango, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya ce a ba baƙo ruwa. Na fito. A bayan rumbu na tare Inna na tambaye ta ko Sahabi ya faɗi wanda ya aiko da faifan.

"Ya hwaɗi. Gaban kowa ya hwaɗi, har sau biyu."

"To, waƙar fa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Wa kaka so shi wasa? Kai?"

Ta ce da faifan ya iso, Baba bai yi barcin kirki ba kwana da kwanaki. Kowa ya zo a ɗora masa, daga Bukkuyum, daga Anka, Fulanin rugar da ke bayan gari ma sun zo. Yara suka yi ta feƙe ƙayar aduwa. Har muryar ta fara dusashewa, shuu ta fara rinjayar ganga. Ran nan Baba ya naɗe shi ya sa ƙarƙashin buzunsa, ya ce an rufe. Wani mai unguwa ya zo takanas, Baba ya hana shi. Ya ce saura sauraro guda a jikinsa, kuma akwai wanda bai ji ba.

Washegari da hantsi Sahabi ya iso daga Bukkuyum a kan sabon babur, ya yi ƙiba, yara na bin sa suna rera waƙarsa. Ya rungume ni ya ce bawansa ya dawo. Baba ya sa aka fito da garmaho zaure. Bai bari kowa ya taɓa ba. Shi ya zaɓi ƙaya, shi ya wana. Babu wanda aka kira daga waje. Daga shi sai Sahabi a gefen buzunsa, sai ni can bakin ƙofa inda ɗan fari ke zama, Inna kuma a bayan asabari.

Da farko shuu kawai. Sai ganga ta taso daga ƙasa, sai muryar Baba ta lokacin da yake da ƙarfi, tana zuwa tana ɓacewa. Ihun samari ya kusa shafewa. Na san kowane numfashi na wannan waƙa, na san inda nake tsaye a fadama lokacin da na ɗauke ta, rikodar aro a ƙarƙashin riga. Baba ya rufe ido, leɓunansa na bi. Na kasa riƙe hawaye, na bar su.

Waƙar ta ƙare, ƙaya ta ci gaba da zagaye tana ƙarar banza. Baba ya ɗaga ta. Sannan ya ɗora hannu a kan Sahabi, amma ba shi yake kallo ba. Idonsa na kan ƙafafuna, can bakin ƙofa, bai taɓa kallona kusa da haka ba.

"Wanda duk yas sha sanyi saboda wanga abu, Allah shi yi mai albarka. Allah shi ba shi ɗiyan da za su yi mai haka."

Na san tawa ce. Inna a bayan asabari ta san tawa ce. Na buɗe baki zan amsa da kalma ɗaya tak. Kafin ta fito, Sahabi ya shafa fuska da hannu biyu, ya ce amin da ƙarfi.